Yadda za ka rubuta bayanin insulin da ciwon sukari da Ingilishin da kowa zai gane

Ƙanwata tana karatun aikin jinya a nan Yamai, kuma cikin darussansu akwai na Ingilishi. Da gangan nake cewa Ingilishi, don a wajenmu in ka ce Turanci wani zai ɗauka Faransanci kake nufi. Wani dare bayan isha'i ta same ni a ƙofar gida a Bukoki, ina jiran kofin shayi na biyu, ta miƙo mini takarda.

"Yaya, duba mini wannan, jibi zan karanta a gaban aji."

An ce su bayyana, cikin layukan da ba su wuce goma sha biyar ba, yadda matsalar insulin ke kawo ciwon sukari. Ga jimlarta ta farko: "The diabetes is a disease who is caused by the lack of the insuline in the organism, what makes the glycemia to be elevated."

Ƙashin jimlar na Faransanci ne, rigar Ingilishi kawai aka sa mata. Amma ba nahawun ne ya fi damuna ba. Ko da an gyara shi tsaf, maganar ba ta cika gaskiya ba, domin mafi yawan masu ciwon sukari jikinsu yana yin insulin. Abin da muka yi a daren nan shi ne zan shimfiɗa a nan, don ba ita kaɗai ke da wannan buƙata ba. Galibin sababbin rubuce-rubucen likitanci da Ingilishi suke fita, mutanenmu suna kai takardun gwaji Sakkwato da Kano, ga kuma kundin da gwamnatin Nijar ta fitar a 2025 wanda ya sa Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki.

Mataki na farko: ajiye bik, ka faɗa da Hausa

Na ce mata, "Ke, kife takardar nan. A ce Inna ce ta tambaye ki, me za ki ce mata?" Ta fara, ta kai tsakiya, ta tsaya. A nan muka gane inda gizo ke saƙa. Ta haddace ma'anar ciwon, amma ba ta riƙe jerin abin da ke jawo wani abu ba. Bayanin nan kuwa sarƙa ne, kowane zobe yana riƙe da na gabansa, kuma wanda bai iya jera zobban da harshen da yake mafarki da shi ba, ba zai jera su da Ingilishi ba.

Ga sarƙar a jikin mai lafiya. Ka ci tuwon gero, ko shinkafa, ko ka sha fura. Hanji ya narkar da abincin, sitacin da ke ciki ya koma wani sukari mai suna gulukos, ya shiga jini. Sukarin jini ya hau. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da ake kira pankiriyas, a cikinta akwai ƴan tsibirai na ƙwayoyin halitta, waɗanda wani ɗalibin likitanci Bajamushe, Paul Langerhans, ya fara bayyanawa a 1869. Ƙwayoyin beta na cikin tsibiran nan su ke jin hawan sukarin, su saki insulin. Sunan insulin ma daga kalmar Latin ta tsibiri ya fito. Shi insulin ɗan aike ne. Ya isa wajen tsoka da kitse, ya ce su buɗe su karɓi gulukos. Ya isa wajen hanta, ya ce ta adana, ta kuma daina fitar da wanda take da shi. Sukarin jini ya sauka.

Kada ka tsallake hanta, ko da yake ita ce zoben da ɗalibai suka fi mantawa. Hanta rumbun jiki ce: lokacin wadata ana zuba mata, lokacin da ba a ci komai ba ita ke ɗebowa ta ba jini. Insulin ne ke cewa a rufe bakin rumbu. In saƙonsa bai isa ba, rumbu na ta zuba ko ba a buƙata. Wannan ne ya sa mai ciwon sukari zai kwana bai ci komai ba, da safe a auna a tarar sukarinsa ya hau, ya yi ta rantsuwa bai taɓa ko ƙwayar dabino ba. Gaskiya yake faɗa.

Mataki na biyu: wa kake wa magana?

Wannan ba ya cin lokaci, amma sai an yanke shi kafin a rubuta kalma ɗaya. In malamin aji ko likita ne, ka ce "blood glucose" da "beta cells". In majinyaci ne ko danginsa, "blood sugar" ya wadatar, kuma "the pancreas" kawai ba tare da shiga cikin tsibirai ba. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. A makaranta an koya mana da Faransanci cewa maimaita kalma aibi ne, sai ka ga yaro ya ce glucose a layin farko, sugar a na biyu, glycemia a na uku. Mai karatu kuwa zai zaci abubuwa uku ne daban.

Mataki na uku: kowane zobe da jimlarsa

Yanzu a ɗauki bik. Fara da jiki mai lafiya, domin ba a gane ɓaci sai an san yadda abu yake a daidai. Kowane zobe jimla guda, gajera, mai aikatawa a gaba, aiki na bin sa. Lokacin da za ka yi amfani da shi shi ne wanda Ingilishi ke faɗar abin da ya saba faruwa da shi, irin su makes, rises, falls. Ba a cewa "is making" a nan.

"When you eat, your body breaks food down into glucose. Glucose enters the blood. The pancreas then releases a hormone called insulin. Insulin helps muscle and fat cells take in glucose. It also tells the liver to store glucose and stop releasing it. As a result, blood glucose falls."

Dubi kalmomin aikin: breaks down, enters, releases, take in, store, falls. Duk ƙanana ne, kuma su ne ke ɗauke da bayanin. Faransancin asibiti yana son mayar da aiki suna, ya ce ana samun raguwar shigar gulukos cikin ƙwayoyi. In ka kwaso wannan zuwa Ingilishi sai ka samu "there is a diminution of the penetration of glucose", wadda ba wanda zai karanta bai yi hamma ba. Hausa ta fi kusa da Ingilishi a nan fiye da Faransanci. Mu cewa muke sukari ba ya shiga, su ma cewa suke "glucose cannot get in". Saboda haka in jimla ta ƙi zama, koma ka faɗe ta da Hausa, ka bi sawun Hausar.

Harafin s na ƙarshen aiki ma sai an sa masa ido. The pancreas releases, cells take. Kalmar diabetes kuma, duk da s ɗin da ke wutsiyarta, abu ɗaya ce: "diabetes is", ba "diabetes are" ba.

Mataki na huɗu: nuna inda sarƙar ta tsinke

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma kalma guda ke iya mayar da gaskiya ƙarya. Matsalar insulin iri biyu ce. Ko dai ɗan aiken bai fito ba, ko kuwa ya fito ya yi ta sallama ba a amsa ba.

A nau'i na 1, garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata ƙwayoyin beta. Ya fi bayyana ga yara da matasa, ko da yake yana iya kama babba. Jimlar ita ce: "In type 1 diabetes, the immune system destroys the cells that make insulin, so the body makes little or no insulin." Riƙe wannan "little or no" yadda yake. Ka kuma lura da bambancin "little" da "a little": na farko yana nufin kusan babu, na biyu yana nufin akwai ɗan abin da za a taɓa. Harafi guda ne ya raba su. Mai wannan nau'i ba ya rayuwa sai da allurar insulin. Kafin Frederick Banting da Charles Best su fitar da sinadarin a Toronto ta Kanada a 1921, yaron da ya kamu ba ya daɗewa. Wanda aka fara yi wa allurar, a watan Janairu 1922, wani yaro ne matashi. Ranar 14 ga Nuwamba da ake tunawa da ciwon sukari a duniya ranar haihuwar Banting ce.

Nau'i na 2 shi ne na mafi yawan mutane, wajen tara cikin goma na masu ciwon. Shi labarinsa hawa biyu ne, kuma dole jimlolinka su nuna hawa biyun. Da fari ƙwayoyin jiki suna daina amsa wa insulin yadda ya kamata. Pankiriyas sai ya ƙara ƙoƙari, ya riƙa fitar da insulin fiye da na da, har sukarin ya zauna daidai na tsawon shekaru mutum bai san komai ba. Daga baya ƙwayoyin beta su gaji, abin da suke fitarwa ya kasa biyan buƙata.

"In type 2 diabetes, the body's cells do not respond well to insulin. This is called insulin resistance. At first, the pancreas makes more insulin to keep blood glucose normal. Over time, it cannot keep up, and blood glucose rises."

"At first" da "over time" su ne suka ɗauki shekarun nan a kafaɗa. Cire su ka gani, bayanin zai zama kamar jimla ta uku tana ƙaryata ta huɗu. Wannan ne ya sa na ƙi "lack of insulin" ɗin ƙanwata a matsayin ma'anar ciwon baki ɗaya: a farkon nau'i na 2 insulin ɗin da ke cikin jini yana iya ma fin na mai lafiya yawa. In kana son jimla ɗaya da za ta rungumi nau'o'in biyu, ga ta: "Diabetes develops when the body does not make enough insulin or cannot use it well." Kalmar "enough" tana zuwa kafin suna, enough insulin, amma bayan siffa, high enough. Ana kuma cewa "respond to" da "resistant to", kada a bar to ɗin a hanya.

Akwai na masu juna biyu, inda sinadaran da mabiyiya ke fitarwa suke rage tasirin insulin. In an ba ka layi kaɗan, jimla ɗaya ta ishe shi, sunansa "gestational diabetes".

Ƙanwata ta so ta sa misalin makulli da ƙofa, wanda kusan kowane littafi ke kawowa. Ban hana ta ba, amma na gindaya sharaɗi: jimla ɗaya, da kalmar like a ciki, sannan a koma ga gaskiyar jiki. "Insulin works like a key that lets glucose into cells." Misalin yana da iyaka. Ba ya cewa komai game da hanta, kuma ƙwaƙwalwa tana shan gulukos ɗinta galibi ba tare da jiran insulin ba. Shi ya sa muka rubuta "muscle and fat cells" tun farko, ba "all cells" ba.

Mataki na biyar: kai sarƙar har inda majinyaci ke ji

Bayani da yawa suna tsayawa a hawan sukari, sannan su jero alamomi kamar kayan miya a tire: fitsari, ƙishirwa, rama, gajiya. Mai karatu bai san me ya haɗa su ba. Alhali kowace alama zobe ce. In sukarin jini ya wuce wajen 180 mg/dL (ma'aunin yawan sukari a cikin jini), ƙoda ta kasa mayar da shi duka cikin jini, sai ya zubo cikin fitsari, ya ja ruwa tare da shi. Fitsari ya yawaita, jiki ya bushe, ƙishirwa ta taso. Tsofaffinmu da ke lura da kiyashi na taruwa inda mutum ya yi fitsari, wannan sukarin suke gani. Cikakken sunan ciwon ma, diabetes mellitus, kalmar ta biyu daga zuma take a Latin. Su kuwa tsokoki suna zaune da yunwa alhali abinci na yawo a bakin ƙofarsu, sai jiki ya koma cin kitsensa da tsokarsa, mutum na ci yana ramewa.

"When blood glucose is very high, some of it passes into the urine and pulls water with it. The person urinates often and becomes thirsty. Because the cells get less glucose, the body breaks down fat and muscle, so the person may feel tired and lose weight."

Kalmomin haɗi huɗu sun ishe ka: when, because, so, as a result. Because tana gabatar da dalili, so tana gabatar da sakamako. Yi hattara da lose mai o ɗaya, don loose wata kalma ce daban, ta abin da ya yi sako-sako.

Sai kalmar cause, wadda ni nake ganin ta fi kowace haɗari a wannan rubutu. A fada, wato majalisar hira da shan shayi, za ka ji ana cewa shan shayi mai sukari ne ya sa wa wane ciwon. In ka rubuta "sugar causes diabetes" ka faɗi abin da ya wuce saninka, ga nau'i na 1 kuwa ka yi kuskure ƙarara, ka kuma ɗora wa uwar yaro laifin da ba nata ba. Ƙiba, rashin motsa jiki, gado da yawan shekaru suna ƙara yiwuwar kamuwa da nau'i na 2, yawan shan kayan zaƙi ma yana cikin abin da ke turawa can. Ingilishin wannan shi ne "increase the risk of". Ka ajiye cause don abin da ke biyo baya kai tsaye, ka sa "can" ko "over time" ga lahanin da ke zuwa a hankali: "Over time, high blood glucose can damage the eyes, kidneys, nerves and heart."

Mataki na shida: tsince tsakuwar Faransanci

Yanzu ka bi rubutun layi-layi kamar mai tsintar shinkafa. Tsakuwar da ta fi yawa ita ce the. Faransanci na sa le da la a gaban komai, Ingilishi ba ya sa the a gaban sunan ciwo ko sinadari in ana maganarsu gaba ɗaya. Diabetes, insulin, glucose, haka nan tsirara. Gaɓoɓin jiki kuwa suna ɗaukarta: the pancreas, the liver, the kidneys.

Sauran tsakuwoyin da na ciro daga takardarta da ta ƙawayenta: insulin ba shi da e a ƙarshe. Organism a Ingilishi halitta ce sukutum, har ƙwayar cuta, abin da ake nufi shi ne "the body". Glycémie ta koma "blood glucose". Diabète de type 2 ya juya ya zama "type 2 diabetes", lamba a gaba. Glucides su ne "carbohydrates", régime shi ne "diet", à jeun shi ne "fasting". Sensible ta Faransanci "sensitive" ce, domin sensible a Ingilishi mai hankali take nufi, kuma ba ma cewa tsoka ta yi hankali da insulin. Eventually tana nufin daga ƙarshe, ba wataƙila ba. Who na mutane ne, ciwo yana ɗaukar "that". A rubutun lafiya na yanzu kuma an fi son "people with diabetes" a kan "diabetics".

Mataki na bakwai: lambobi

In za ka sa adadi, to ka san awon ya canja. Takardar gwaji a Yamai ko Tawa galibi da g/L take zuwa, da waƙafi a tsakiyar lamba: 1,26 g/L. Ingilishi aya yake sawa, 1.26, kuma masu karanta shi sun saba da mg/dL ko mmol/L. Daga g/L zuwa mg/dL ka ninka da 100, ya zama 126. Daga mg/dL zuwa mmol/L ka raba da 18, ya zama 7.0. Wannan 126 ɗin shi ne iyakar da ake cewa ciwon sukari ne in an auna mutum bai ci komai ba na aƙalla awa 8, kuma akan sake gwajin don a tabbatar. A gwajin HbA1c, mai nuna yadda sukari ya kasance cikin wata biyu zuwa uku, iyakar 6.5% ce. Kada ka taɓa rubuta lamba ba awonta a gefe. Wanda ya saba da mmol/L in ya ga 1.26 ita kaɗai zai zaci sukarin mutumin ya faɗi ƙasa warwas, alhali hawa ya yi.

Mataki na ƙarshe: mayar da shi Hausa a gaban wanda bai yi boko ba

Da muka haɗa jimlolin, sun tsaya a layi goma sha huɗu. Na ce ta shiga ciki ta karanta wa Inna, tana fassara kowace jimla da baki yadda take, ba ƙari ba ragi. Sharaɗin shi ne duk inda Inna ta ce "don me?" a sa alama, zobe ya faɗi a wurin.

Inna na zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta saurara shiru har aka zo kan fitsari, sai ta ɗaga kai. "To ke, in sukarin na fita ta fitsari, ba sai ya ƙare mutum ya huta ba?"

Ƙanwata ta dube ni. Babu amsar a takardar. Abin da ke fita ta fitsari rara ce kawai, abinci na ci gaba da kawo wani, hanta na ci gaba da zubawa. Ta koma ƙarƙashin fitila ta ƙara jimla ɗaya bayan ta fitsarin: "This does not solve the problem, because food and the liver keep adding glucose to the blood." Layi ya zama goma sha biyar cif. Ta sake karanta wa Inna daga farko, wannan karon har ƙarshe ba a tsayar da ita ba, sai dai Inna ta ce a tambayar mata ko furar da take sha da rana tana cikin abin da ake magana.